In Ka Gama Rubutu, Ba Ka Gama Aiki Ba

Ni tela ne a garin Akokan, kusa da Arlit, cikin jihar Agadas. Na zo nan a 1984, shekarar yunwa, daga wani ƙauye na ƙasar Madawa. Lokacin nan ko sunana ban iya rubutawa ba. Sai da na haifi ƴaƴa uku sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci na dare. Yau ga shi na rubuta littafin labari, har ya cika kaye bakwai.

Faɗa na zo yi yau. Da wa? Da masu cewa in mutum ya rubuta labari ya kai ƙarshe, to aiki ya ƙare, kada ya sake taɓa shi. Suna da yawa. Akwai su cikin abokaina, akwai su cikin gidana. Ni kaina na daɗe cikinsu. Yanzu na fita, kuma ina so in fitar da ku.

Maganata ita ce: rubutun farko ba littafi ba ne tukuna. Kamar yadi ne da aka yanka aka haɗa da zaren gwaji. Wanda ya kai shi kasuwa haka nan ya cuci mai saye, ya cuci kansa, ya kuma cuci mutanen da ya ba da labarinsu.

Abin da ya sa na ɗauki bik

Bari in fara gaya muku dalilin rubutun, don ku san abin da za a yi hasara in an ɓata shi.

Akokan gari ne da aka gina saboda rami. An kafa kamfanin COMINAK a 1974. A 1978 aka fara fitar da yuraniyom daga ramin Akuta, mai zurfin mita 250 a ƙarƙashin ƙasa. Mutane suka yi ta zuwa daga Tawa, Maraɗi, Damagaram, Doso da Yamai. Wasu suka samu aikin kamfani da gida a site. Wasu kamar ni muka kafa bukka a gefe, muna ɗinki, muna sayar da abinci, muna wanki. Cikin shekara 43 an fitar da wajen ton 75,000 na yuraniyom daga ramin nan. Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe shi, don arzikin da ke ciki ya ƙare. Ma'aikatan kamfanin wajen 600 suka rasa aiki, ban da na ƴan kwangila.

Daga nan gari ya fara raguwa. Na ga kamyo bayan kamyo ana loda gadaje da tukwane ana yin kudu. Mutanen da na yi wa ɗinkin aure, na yi wa ƴaƴansu ɗinkin suna, suka zo suka yi mini ban kwana. Sai na ce a raina: in muka watse duka, wa zai ba da labarinmu?

An yi rubutu a kan garuruwan nan, amma mafi yawa da Faransanci ko da Ingilishi. An yi sinima ma. Idrissou Mora-Kpai, mutumin Benin, ya yi fim a kan Arlit a 2005. Amina Weira, wadda mahaifinta ya yi aikin ma'adinin, ta yi nata a 2016. Sun kyauta. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Na so a samu labari da Hausa, wanda tsohuwa a ƙauye za ta ji jikanta yana karanta mata, ta gane inda ɗanta ya ƙare ƙuruciyarsa.

Saboda haka na sayi kaye da bik. Kullum bayan sallar isha'i sai in ture keken ɗinki gefe, in rubuta shafi biyu ko uku. Labarin wani yaro ne da ya bar ƙauye ya zo Akokan neman aiki, ya yi aure, ya tsufa a nan. Na yi shekara ɗaya da rabi ina yi. Ranar da na rubuta "ƙarshe", ji na yi duk duniya ba marubuci kamata.

Ranar da na sake buɗe kaye

Ɗan ƙanwata yana da wayar salula mai kyau, yana kuma da saurin hannu. Ya ce, "Kawu, ba ni in buga maka shi a waya, mu tura wa mutane ta WhatsApp. Kafin sati kowa ya karanta." Na kusa ba shi. Abin da ya hana shi ne ɗinkin salla ya taso, na sa kayen cikin akwati na manta. Sai bayan wata huɗu na fito da su.

Na zauna na karanta daga farko. Kafin in kai kaye na biyu zufa ta karyo mini, alhali lokacin ɗari ne.

Yaron labarin nan ba shi da laifi ko ɗaya. Bai taɓa yin ƙarya ba, bai taɓa cin bashi ba, bai taɓa yi wa matarsa tsawa ba. Kowa ya yi gardama da shi sai ya ji kunya. Na duba da kyau, sai na ga ashe ni ne, amma ni wanda aka wanke aka goge. Irin wannan mutum ba ya Akokan, ba ya ko'ina.

Na ga labari ɗaya na rijiya na ba da shi sau uku, a kaye na 1, na 3 da na 6, kuma kowane lokaci da sunan ƙauye dabam. Na ga wani mutum da na kashe a kaye na 4 ya dawo yana shan shayi a kaye na 5. Na ga shafi 30 inda labari ya tsaya cik, na hau wa'azi a kan tarbiyyar yaran zamani.

Wannan duk idona ne ya gani. Abin da ya fi zafi kunnen wasu ne ya ji shi.

Na karanta wa uwargidana. Ta yi shiru har na gama kaye biyu. Sannan ta ce, "Malam, ita matar yaron nan bebiya ce?" Na ce a'a. Ta ce, "To tun ɗazu ban ji ta ce komai ba sai 'sannu da zuwa' da 'ga ruwa'. Shekarar da ɗinki ya tsaya, wa ya ci da gidan nan? Ba tuwon sayarwa da na yi ba ne? Ina matan da suka yi wanki a site? Ina masu ɗauko ruwa tun asuba? Ko maza kaɗai suka zauna garin?" Ban sami amsa ba.

Ta ƙara da cewa, "Kuma mugun mai kantin nan na labarinka, kowa ya ji ya san wa kake nufi. Tafiyarsa ce, maganarsa ce, garinsu ne. Kun yi rigima a kan bashi, gaskiya ne. Amma ka ce ya yi sata. Ya taɓa yin sata?" Bai taɓa ba. Haushi ne ya riƙe mini bik. Da labarin ya shiga wayoyin mutane, da na ɓata sunan bawan Allah da na ƴaƴansa, kuma ba ni da hanyar janyewa. Magana zarar bunu ce. Rubutu ya fi ta, don shi ba ya mantuwa.

To, ƴan'uwa, wannan shi ne littafin da na kusa sakewa. Yanzu ku zo mu duba hujjojin masu cewa kada a gyara.

Masu cewa na farko shi ne gaskiya

Wani abokina ya ce mini, "Abin da ya fito daga zuciya da farko shi ne gaskiya. In ka gyara, ka sa masa kwalliya, ya zama ƙarya."

Na ce masa, duba nawa. A rubutun farko ne na yi wa maƙwabcina ƙazafi. A rubutun farko ne na rufe wa mata baki. A rubutun farko ne na mai da kaina waliyyi. Ina gaskiyar take? Zuciya ba gaskiya kaɗai take fitarwa ba. Tana fitar da haushi, da son kai, da mantuwa. Lokacin da kake rubutu jikinka da zafi, ba ka iya rarrabewa. Sai ka huce sannan ka gani. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Sake karatu shi ne saukowa daga tudun nan ka waiwaya ka dube shi.

A wurina gyara ne ya kawo gaskiya cikin littafin. Na ba yaron laifuffukansa. Yanzu yana cin bashi, yana ɓoye wa matarsa kuɗi, yana jin tsoro. Da na sake karanta wa mutane, sai suka fi sonsa, don sun ga kansu a jikinsa.

Masu jin kunyar karce

Akwai hujja ta biyu, kuma ta fi kama mu da muka koyi karatu da girma. Muna jin kunyar kaye mai karce-karce. A aji, in ka soke kalma, sai ka rufe da hannu kada na kusa ya gani. Muna tsammani mai ilimi shi ne wanda bik ɗinsa ba ya tuntuɓe. Saboda haka in mun rubuta shafi mai tsabta, sai mu ƙi taɓa shi ko da mun san akwai kuskure.

Wannan tsammani ba daidai ba ne. Ku ji labarin manya.

A 1933 aka yi gasar rubuta labarai da Hausa a Nijeriya ta Arewa. Wani Bature mai suna Rupert East, na ofishin fassara da ke Zariya, shi ya shirya ta. Cikin waɗanda suka shiga akwai Abubakar Imam, malamin makarantar midil ta Katsina, yana da shekara 22. Shi ya rubuta Ruwan Bagaja. Imam da kansa ya faɗa cewa ya ɗauki tsarin mutum biyu masu yi wa juna wayo daga wani littafin Larabci, Maƙamatul Hariri. Da East ya karanta rubutun, ya ga wasu labaran an ɗauko su daga littattafan wasu, sai aka cire su kafin a buga. Wato Ruwan Bagaja da ake karantawa a makarantu har yau ba shi ne rubutun farko ba.

Imam bai yi fushi ya jefar da alƙalami ba. A 1936 ya tafi Zariya ya zauna tare da East, yana rubutu ana dubawa, har aka samu Magana Jari Ce, littafi uku. A 1939 ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, inda aikinsa ya haɗa da gyara rubutun wasu. Mutumin da ya yarda a gyara masa, shi ya zama mai gyara wa jama'a.

Ga wani kuma daga kudancin Nijeriya, Chinua Achebe. Ya rubuta dogon labari na wani mutum da zuriyarsa har zuwa jikansa. Da ya sake dubawa, sai ya ga kaya sun yi wa littafi ɗaya yawa. Ya yanke, ya bar labarin kakan kaɗai, ya gyara shi. Aka buga shi a Landan a 1958 da sunan Things Fall Apart. An fassara shi cikin harsuna sama da 50. Labarin jikan kuwa ya fito a 1960 a littafi na dabam. Da ya ji tsoron almakashi, da bai sami ko ɗaya mai kyau ba.

In waɗannan sun soke, sun yanke, sun sake, ni da kai wane ne? Ni tela ne. Na san yaron da zai iya ɗinki tun watansa na farko a shago. Shi ne wanda in hannun riga ya karkace, zai ɗauki reza ya warware da kansa. Wanda ke ninke rigar ya ɓoye karkacen, ko ya shekara goma ba zai iya ba.

Kada kuma wani ya ce, "Ai mu ƴan yaƙi da jahilci ne, duk abin da muka rubuta a yi mana uzuri." A'a. Balaraba Ramat Yakubu ta Kano an cire ta daga makaranta tana yarinya aka yi mata aure. Daga baya ta koma karatun manya. Littafinta Alhaki Kuykuyo Ne ya fito a 1990, kuma a 2012 aka buga fassararsa da Ingilishi a ƙasar Indiya. Ba tausayi ya kai littafin can ba, kyansa ya kai shi. Mai karatu ba ya tambayar shekarar da ka shiga aji. Abin da ke kan takarda yake gani.

Masu cewa ai ƙirƙira ce

Hujja ta uku daga wani mushen lakwal ta fito. Ya ce, "Labarin ƙirƙira kake rubutawa, ba tarihi ba. Ina ruwanka da shekara ko da yadda ake aiki a rami? Rubuta abin da ka ga dama."

Amsar wannan wasu dattawa uku suka ba ni. Na gayyace su shayi na karanta musu.

Na farko tsohon direba ne. A labarina yaron ya zo a 1975, motarsu tana gudu a kan kwalta tun daga Tawa. Dattijon ya ce, "Wace kwalta? A shekarar nan rairayi muke ci. Sai wajen 1980 aka gama hanyar Tawa zuwa Arlit." Ni da na zo a 1984 na tarar da kwalta, sai na ɗauka dama tana nan.

Na biyu Ba'abzine ne, maƙwabcina. Na rubuta cewa kafin kamfani ya zo ba kowa a ƙasar nan sai iska da duwatsu. Ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, kakannina fa? Raƙumansu da awakinsu a ina suka yi kiwo?" Da layi ɗaya na share mutane daga ƙasarsu, ban kuwa sani ba.

Na uku ya yi shekara 28 yana aiki a ƙarƙashin ƙasa. Ni ban taɓa shiga ramin ba. Na rubuta cewa da diga da shebur ake haƙa, kamar rijiya. Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce da injin ake huda dutse, a sa nakiya a fasa, manyan motoci su kwashe. Sannan a niƙa dutsen a masana'anta, a tace shi, ton guda ba ya ba da abin da ya wuce ƴan kilo kaɗan. Da na zo inda na ce duk wanda ya shiga ramin ba ya ƙara shekara goma a duniya, sai dariyar ta tsaya. Ya ce, "To ni fatalwa ce?" Ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Ka ji, Malam. Akwai abokaina da suka yi ciwo, akwai waɗanda muka binne. Wannan gaskiya ce mai nauyi. In ka haɗa ta da ƙarya, za a zubar da ita tare da ƙaryarka."

Ku riƙe maganar dattijon nan, don ita ce zuciyar abin da nake faɗa. Zancen garin nan ba wasa ba ne. A watan Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo da na'urori ta auna titunan Akokan. Ta ce ta sami wurin da tururin yuraniyom, wanda ido ba ya gani, ya ninka na sauran wurare har sau 500. A bayan gari an bar tulin dusar ma'adini wajen ton miliyan 20. Masana da kamfani da ƙungiyoyi sun daɗe suna gardama a kan waɗannan abubuwa, kowa da lissafinsa. In ɗan gari ya shigo da littafinsa, duk wanda bai so maganar ba kuskure zai nema. In ya sami ɗaya sai ya ce, "Kun gani? Mutumin da bai san shekarar da aka yi hanya ba, shi zai gaya mana abin da ya faru?" Wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Na yarda, mai ƙirƙira yana da ƴanci. Ka ƙirƙiri yaro, ka ƙirƙiri matarsa, ka ƙirƙiri abin da suka faɗa wa juna da dare. Amma in ka kira sunan Akokan, to ka ɗauki amana. Hanyar ta gaske ce, ramin na gaske ne, matattun na gaske ne.

Masu cewa ba lokaci

Hujja ta huɗu ita ce mai ƙarfi, ba zan raina ta ba. Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, kana ta gyara, mutanen da ka rubuta dominsu suna ta tafiya. Wasu sun rasu. Kai ma ba yaro ba ne. In ka mutu da kayen cikin akwati fa?"

Yaron yana da gaskiya ta wani gefe. Akwai mai gyaran da ba ya ƙarewa. Wannan tsoro ne ya sa rigar gyara. Na san tela da ke riƙe rigar mutum har salla ta wuce, wai yana daidaita wuya. Shi ma ya yi laifi.

Amma maganin wannan shi ne a yanka wa gyara wa'adi, ba a bar gyara ba. Ni na ce sau uku zan bi littafina, na ba kaina shekara ɗaya. Kuma na kai kayen an yi mini hotokofi, na ajiye a gidan ɗiyata, saboda gobara ko ajali. Achebe ma ya kusa yin hasara. A 1957 ya aika rubutunsa na hannu, wanda ba shi da wani, zuwa Landan don a buga masa da tafireta. Wata da watanni ba labari, sai da wata shugabarsa ta wurin aiki ta je da kanta ta karɓo magana. Kada ka yi irin wannan ganganci.

Kuma ku lura: in lokaci ya yi kaɗan, to ba mu da damar yin abu sau biyu. Wataƙila littafi ɗaya kaɗai zan rubuta a rayuwata. Dattawan da suka gyara mini shekaru suna raye yau. In na saki littafin da kuskure, ran da za a so gyarawa ba za a same su ba. Ƙarancin lokaci dalili ne na a tambaye su yanzu.

Yadda ake yi

Faɗa ba tare da nuna hanya ba surutu ne. Ga abin da na koya.

Na ɗaya, in ka gama, rufe kayen ka ajiye. Ko daga ƙaramar salla zuwa babba ya isa. Tsohon ma'aikacin nan ya ce a rami in an fasa dutse ba a komawa nan take, sai hayaƙi da ƙura sun fita. Sannan a zo da dogon sandan ƙarfe ana ƙwanƙwasa rufin. Inda ya yi ƙara mai ƙarfi, lafiya. Inda ya yi ƙarar holoƙo, dutse ya saki, sai a ɓamɓaro shi tun bai faɗo kan mutum ba. Haka za ka yi wa rubutunka.

Na biyu, karanta da ƙarfi, da bakinka. Inda numfashinka ya ƙare jimla ba ta ƙare ba, raba ta biyu. Inda ka ji kana son tsallakewa, mai karatu ma zai so. Cire wurin.

Na uku, karatun farko na labari ne kaɗai. Kada ka tsaya kan harafi. Samu takarda dabam, ka rubuta sunan kowane mutum, garinsu, shekarunsa, da shafin da ya shigo da wanda ya fita. Haka za ka kama mataccen da ya dawo shan shayi.

Na huɗu, karanta wa mutum iri uku. Wanda ya san abin da idonsa. Wanda bai san garin ba sam. Da wanda ba ya jin nauyinka. Da na karanta wa wani baƙo daga ƙauyenmu, ya tsai da ni a kan "konje" da "pwantaj" da "kaski". Mu nan mun saba da su, shi bai taɓa ji ba. Na mai da su hutun aiki, da kiran suna, da hular kwano. In suna magana, yi shiru ka rubuta. Ba dole ka karɓi duka ba. Amma in mutum biyu sun yi tuntuɓe a wuri ɗaya, to akwai dutse a wurin.

Na biyar, tambayi kanka a kan kowane mugu na labarin: in mai kama da shi ya karanta, zan iya haɗa ido da shi a kasuwa? In ba za ka iya ba, sake shi.

Na shida, a ƙarshe ka bi haruffa. Duba ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b. Ƙafa dabam, kafa dabam. Ɗaki dabam, daki dabam. Sannan ka kwafe da tsabta, ka sa lamba a kowane shafi.

In takarda ce ke yi maka tsada, yi rubutun farko a shafin dama kaɗai, ka bar na hagu don gyara. Yi gyaran da fensir. Kuɗin kaye biyu bai kai kuɗin kunya ba.

Inda nake yanzu

Kaye bakwai sun koma biyar. Wa'azin nan na shafi 30 ya tafi. Matar yaron ta sami baki, har ta fi mijinta magana, kuma uwargidana ta ce yanzu ta gane ta. Mai kanti ya zama wani mutum dabam da ba kowa ba. Motar yaron tana tafiya cikin rairayi kwana da kwanaki, kuma a hanya suna wuce makiyaya a bakin rijiya. Ina cikin bi na uku. In na gama zan kira ɗan ƙanwata da wayarsa.

Ban ce littafina zai zama Ruwan Bagaja ba. Abin da na sani shi ne zan iya karanta shi a gaban dattawan nan uku ban sunkuyar da kai ba.

Kai ma, ɗan'uwa, ke ma, ƴar'uwa, na san akwai masu kaye a ƙarƙashin katifa. Wani labarin yunwa ya rubuta, wata labarin aurenta, wani labarin ƙauyen da rairayi ya cinye. Kun yi abu mai wuya, kun fara har kun kai ƙarshe. Saura rabin aikin. Ku fito da kayen nan, ku feƙe fensir, ku koma shafi na ɗaya. Duk wanda ya ce muku soke kalma abin kunya ne, ku ce masa tela na Akokan ya ce ya zo shago ya ga yawan zaren da ake warwarewa kafin riga ta zauna a jiki.

Allah ya ba mu haƙurin gyara. Sai wani jiƙon.